Ciwo a Ƙafa, Tushe a Ƙugu

Buta ce ta kayar da yayana. Mutumin da ya haura shekara ashirin a kan keken ɗinki, wanda idan kaka ta yi yake saɓa buhun masara shi kaɗai, ya sunkuya da asuba zai ɗauki butar alwala, sai ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙugu zuwa ɗuwawun hagu, ya gangara ta bayan cinya har ƙaramin yatsan ƙafa. Miƙewa ta gagara. Da na isa gidan da hantsi na tarar da shi kwance a tabarma, 'yan dubiya kuma tuni sun yanke hukunci. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi, gwaggonmu ta yi ƙasa da murya ta ce a bincika ko ya taka wani abu a ƙofar shago. Kowa da maganinsa a aljihu. A wuri ɗaya kaɗai bakinsu ya zo ɗaya: ya kwanta, kada ya motsa har sai ya warke. Wannan shawarar kuwa, wadda ta fi sauran kama da hankali, ita ce likitoci suka fara ja da baya daga gare ta kusan shekara arba'in da suka wuce.

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a saitin haƙarƙari, 5 a ƙugu, sauran kuma can ƙasa, yawancinsu a manne da juna. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifai na guringuntsi da ke aikin gammo, bayansa da tauri, cikinsa da taushi da danƙo. Faifai biyu na ƙarshe, waɗanda ake rubutawa L4-L5 da L5-S1 a takardar asibiti, su ke ɗauke da nauyin gangar jiki, su ne kuma suka fi yawan tsagewa. Idan bayan faifan ya tsage, abin da ke cikinsa sai ya ɓullo ya taɓa saiwar jijiya.

Hausa ta tara abubuwa da yawa a cikin kalmar jijiya: hanyar jini jijiya ce, abin da ke gagarar haƙori a nama jijiya ne, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ma jijiya ce. Ta ƙarshen nan muke nufi. Saiwoyi biyar ne ke fitowa daga ƙasan baya su haɗu su zama jijiya guda, wadda babu kamarta a kauri da tsawo a jikin mutum. Kaurinta ya kusa na babban yatsan hannu. Takan ratsa ɗuwawu ta bi bayan cinya, ta rabu biyu a kusa da gwiwa, rassanta su kai har tafin ƙafa. Zogin da ke bin hanyarta shi ne likitoci ke kira sayatika. Ƙafar lafiyarta ƙalau. A ƙugu ake taka wayar, ƙwaƙwalwa kuma sai ta ɗauka daga ƙafa saƙon ya fito. Shi ya sa duk man zafin da aka mulke sha-raɓar Yaya da shi bai tsinana komai ba. Likita kan gane wurin tun kafin hoto: zogin da ya ƙare a babban yatsa ya fi nuna saiwar L5, wanda ya bi gefen ƙafa zuwa ƙaramin yatsa kuma S1. Sai ya kwantar da mutum rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe, idan zogin ya tsarga har ƙasan gwiwa, zancen ya kusa fitowa fili.

Masu cewa basir ne ba su yi daidai ba, amma na gane inda suka samo zancen. Tari da atishawa da yunƙuri a bayan gida duk suna ƙara matsi a kan saiwar da ta riga ta kumbura. Wanda zogi ya tsarga masa a kan masai, ba abin mamaki ba ne ya ɗora laifin a can.

An daɗe da sanin ciwon kafin a san sanadinsa. Domenico Cotugno, likita a birnin Naples na Italiya, ya rubuta littafi a kansa a 1764, inda ya bambanta ciwon jijiyar da na gaɓar ƙugu. Sai a 1934 wasu likitocin tiyata biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa tsagewar faifai na haddasa shi, kuma ana iya cire abin da ya ɓullo. Daga nan tunani ya tsaya a kan abu biyu: ko wuƙa, ko doguwar kwanciya.

Kwanciyar ce ta fara faɗuwa a gwaji. A 1986 Richard Deyo da abokan aikinsa a Amurka suka kwatanta hutun kwana 2 da na kwana 7 ga masu ciwon baya. Sauƙin da aka samu ɗaya ne, sai dai 'yan kwana biyun sun riga komawa aiki. A 1995 wani gwaji a Helsinki ta ƙasar Finland ya nuna waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu daidai iyawarsu sun riga masu kwanciya warkewa. A 1999 aka gwada masu sayatika su 183 a Holand: rabi suka kwanta mako 2, rabi aka bar su suna motsi. Bayan mako 12, kashi 87 cikin 100 na kowane ɓangare sun samu sauƙi. Kwanciya ba ta ƙara komai ba, tana dai rage ƙarfin naman baya, ta sandarar da gaɓoɓi, ta kuma dasa wa mutum tsoron sunkuyo. A ganina tsoron nan ya fi sauran ɓarna, don na ga waɗanda ciwon ya sake su amma suna tafiya kamar masu ɗauke da tiren ƙwai shekara guda bayan haka.

To idan ba a cire abin da ya ɓullo ba, ina yake zuwa? Jiki ne ke cinye shi. Da zarar cikin faifan ya fito daga muhallinsa, garkuwar jiki kan ɗauke shi a matsayin baƙo, ta turo ƙwayoyin da ke narkar da shi sannu a hankali, shi kuma yana tsotsewa yana motsewa. Binciken da ya tattara sakamakon hotunan da aka maimaita wa marasa lafiya ya nuna wajen biyu cikin uku na irin wannan ɓullowa na raguwa da kansu. Abin da ya fi ba ni mamaki, babba wanda ya tsinke ya faɗo gaba ɗaya ya fi ɗan ƙaramin kumburi saurin ɓacewa. Zafin ma ba na matsi kaɗai ba ne. Abin da ke cikin faifan na hasala jijiya ta kumbura, idan kumburin ya saɓe sai zogi ya lafa, ko da hoto bai canja ba.

Hoton kansa sai an yi hattara da shi. A 1994 aka sa mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan a na'urar MRI a Amurka. Fiye da rabinsu an ga faifai ya kumbura, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma an ga ya turo waje sosai. Wani nazari na 2015 ya nuna kumburin faifai na nan a bayan kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 masu lafiya, ya kai kashi 84 a 'yan shekara 80. Furfura ce ta ciki. Magidanci zai sayar da akuya ko ya ci bashi ya yi hoton da ba a bukata a makon farko, a miƙo masa takarda cike da kalmomi masu ban tsoro, ya koma gida yana ganin bayansa ya ruɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 na fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ita ce sanadi.

Tiyata tana da muhallinta. A 2007 likitocin Holand suka raba mutum 283 da sayatika ta riƙe mako 6 zuwa 12: wasu aka yi masu aiki da wuri, wasu aka jinkirta. Waɗanda aka yi wa aikin sun riga samun sauƙin ƙafa, amma da shekara ta zagayo, wajen kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun warke. Gaskiya ne kusan kashi 39 na masu jiran sun gaji, daga baya an yi masu aikin. Wato wuƙa na gajarta wahala ga wanda zogi ya hana sakat, ba ita ce kaɗai ƙofar warkewa ba.

Akwai dai alamun da ba a jira da su, ba a kuma kai su wurin mai ƙaho. Laka na ƙarewa ne a saman ƙugu, daga nan sai tarin jijiyoyi da likitoci suka laƙaba wa suna jelar doki. Idan faifai ya danne su, fitsari kan ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, haka ma bayan gida, tsakanin cinyoyi ya sage, wani lokaci ƙafafu biyun su mutu. Wannan aikin awoyi ne, a nufi asibitin da ke da likitan tiyata a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka idan ƙafa ta fara jan ƙasa, silifa na suɓucewa, ko ciwon ya biyo bayan haɗari ko faɗowa daga bisa, ko mai shi ya taɓa yin ciwon daji.

Mu a nan muna da ƙarin abu biyu. Tarin fuka na cin ƙashin baya, cutar da Percivall Pott na Ingila ya bayyana tun 1779, Najeriya kuma na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu. Ciwon bayan da ke tafe da zazzaɓi da gumin dare da rama, wanda kwanciya ba ta sa ya lafa, a gwada shi tun kafin doro ya fito, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Na biyun allura ce. Wadda aka soka a tsakiyar ɗuwawu maimakon can sama ta gefen waje na iya samun wannan jijiyar kai tsaye, yara da dama kuma sun tashi da shanyayyar ƙafa a dalilin allurar zazzaɓi a hannun wanda bai ƙware ba.

Sai batun kemis. Ibuprofen da diclofenac na rage zafi na ɗan lokaci, su ba mutum damar motsawa, amma shan su wata da watanni na jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Haɗin da ake ƙullawa a leda ya fi haɗari, don mai sha bai san abin da ke ciki ba. Pregabalin, da ake yawan rubutawa, an gwada shi a Ostareliya a 2017 a kan masu sayatika, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. A 2023 wani gwaji a can ya nuna haka game da magungunan dangin su tramadol ga sabon ciwon baya da wuya. A ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, inda ta ce a guji irin su pregabalin da tramadol da ɗamarar ƙugu da jan baya da na'ura, a karkata ga motsa jiki da ilimantar da mara lafiya. Ƙaho da ruwan ɗumi da tausa kan sa a ji daɗi na wuni, ban ga laifinsu ba idan kayan aikin na da tsabta. Tsaga da askar da ta zaga jikin wasu, ko a hau bayan mutum a taka, waɗannan kam a bar su.

Abin da wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibiti ta ɗora Yaya a kai ba shi da wani armashi a ido. Ya kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Idan zai tashi ya mirgina tukuna, ya sauke ƙafafu, ya tura da hannu. Ya taka daga ɗaki zuwa zaure sau da yawa a wuni, gobe ya ƙara. Ya yi salla a kujera har ruku'u ya daina tsarga masa, addini ya ba da wannan sauƙin. Ta kuma ba shi ma'auni guda: ya lura da inda zogin ya tsaya. Idan yana janyewa daga yatsa zuwa sha-raɓa, zuwa cinya, zuwa ƙugu, sauƙi ne ke tafe ko da ƙugun ya ƙara ciwo. Idan yana ƙara gangarawa, ya bar motsin da ya jawo hakan, ya dawo a duba.

Ciwon na da halin komowa, wannan ba a ɓoye masa ba. A wani gwajin Ostareliya na 2024 mai mutum 701, waɗanda aka ɗora a kan tafiyar ƙafa a kai a kai sun yi kwana 208 a tsakaice kafin ciwon ya sake kayar da su, sauran kuwa 112.

A mako na bakwai na biya shagon na same shi a kan keke, ya ɗaga kujerar da bulo biyu, ya soka ƙunshin yadi a bayan ƙugunsa. Kan mu gama gaisawa ya miƙe ya zaga teburin yanka sau biyu, ya dawo.

"Yaya, har yanzu da saura ne?"

"Zogin ya tafi," in ji shi. "Ƙaramin yatsan ne dai kamar ba nawa ba. Ta ce shi ne zai zo a ƙarshe." Ya miƙo mini buta. "Ɗebo mana ruwa, an kusa kiran la'asar. Ka ɗora ta a kan bencin nan, kada ka ajiye a ƙasa."