Masu Hawan Igiyar Ruwa da Kifin Shak

Hawan igiyar ruwa wasa ne da ya samo asali a tsibiran Tekun Fasifik, musamman Hawai. Mai wasan yakan kwanta rub da ciki a kan dogon allo marar nauyi, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya wuce inda igiyoyi ke fashewa. Da babbar igiya ta taso sai ya miƙe tsaye a kan allon, ta kwaso shi zuwa gaɓa. Wasan ya bazu zuwa Amurka da Ostireliya da Brazil da Afirka ta Kudu, har ya shiga gasar Olamfik da aka yi a Tokyo a 2021. Sai dai hawan kansa na 'yan daƙiƙoƙi ne. Galibin lokaci a zaune ake cinye shi ana jiran igiya, ƙafafu na reto cikin ruwa, nesa da tudu. A wannan zaman jira ne mai wasa ya fi haɗuwa da kifin shak.

Yaya girman haɗarin yake?

Akwai wani kundi da ake ajiyewa a gidan tarihin halittu na Jami'ar Filorida, wanda tun 1958 ake tattara rahoton cizon shak daga ko'ina a duniya a cikinsa. Kundin ya nuna cewa a 2023 an samu cizo 69 da ba mutum ne ya tsokano kifin ba, mutum 10 suka rasu. A yawancin shekaru mamatan ba sa kai haka. Idan aka dubi miliyoyin da ke shiga teku kowace shekara, adadin kaɗan ne ƙwarai. Abin lura shi ne kaso mai tsoka na waɗanda ake ciza masu hawan igiya ne, domin sun fi kowa daɗewa a ruwa, kuma sun fi masu wanka nisa.

Shak ya haura iri 500, amma uku ne suka fi yin mummunan rauni: farin shak, da mai zanen damisa, da wanda ake yi wa laƙabi da bijimi. Wannan na ƙarshe yana iya rayuwa a ruwan kogi, shi ya sa a kudancin Afirka ake kiransa shak ɗin Zambezi.

Me ya sa yake cizo?

Mutum ba abincin shak ba ne. Shaidar haka ita ce sau da yawa kifin kan kai cizo ɗaya ne ya saki, ya yi tafiyarsa. Masana na da bayani biyu a kan wannan.

Na farko kuskuren gani ne. Farin shak yakan farauci sil, wata dabbar teku mai kitse, ta hanyar tasowa daga ƙasa. Daga can ƙasa, abin da yake hange baƙar inuwa ce a cikin hasken sama. A 2021 masu bincike a Jami'ar Macquarie ta Sydney suka ɗauki bidiyon sil da na mutane a kan allo daga ƙarƙashin ruwa, suka tace hotunan daidai da ƙarfin idon matashin farin shak. Suka tarar cewa a idonsa, siffar mai tuƙa allo da motsinsa ba su da wani bambanci na a zo a gani da na sil.

Na biyu shi ne bincike. Kamar yadda jariri ke kai duk abin da ya samu baki don ya san ko mene ne, haka shak, wanda ba shi da hannu, ke gwada baƙon abu da haƙori. Matsalar ita ce ɗanɗanon kifi mai tsawon mita huɗu ya isa ya tsinka babbar jijiyar cinya. Yawancin waɗanda suka mutu zubar jini ce ta kashe su kafin a kai su asibiti.

Kowane bakin teku da halinsa

A New Smyrna da ke Filorida ana samun cizo akai-akai, amma yawanci ƙananan shak ne masu bin garken kifi a ruwa mai duhu, sai su cafki hannu ko ƙafa. Raunin sau da yawa ɗinki ne ke gyara shi. A Hawai kuwa, mai zanen damisa ne ya cire wa Bethany Hamilton hannun hagu a Oktoban 2003 tana shekara 13. Bayan kamar wata guda ta koma kan allo, daga baya ta yi suna a gasa. A Yulin 2015 masu kallon talabijin suka ga shak ya taso wa zakaran duniya Mick Fanning ana tsakiyar wasan ƙarshe na wata gasa a Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu. Igiyar da ke ɗaure allon da ƙafarsa ta tsinke, shi kuwa ya fito ko ƙwarzane babu.

Inda abin ya fi muni shi ne tsibirin Reyuniyon, mallakin Faransa a Tekun Indiya. Daga 2011 zuwa 2019 mutum 11 suka rasa ransu, har hukuma ta hana wanka da hawan igiya a mafi yawan gaɓar tsibirin tun 2013.

Amma akasarin haɗuwa ba ta ƙarewa da cizo. Hausawa na cewa kifi na ganin ka, mai jar koma. Masana a Kalifoniya da suka yi amfani da jirage marasa matuƙa sun ga matasan fararen shak suna yawo kusa da masu hawan igiya kusan kullum a wasu wurare, mutanen ba su ma san da su ba.

Dabarun kariya

Tsohuwar dabara ita ce kafa raga a teku. Sydney ta fara a 1937, Durban ta bi baya a 1952. Ragar ba katanga ba ce, kama kifin take yi ya mutu, kuma tana haɗawa da kunkurun teku da dolfin, shi ya sa ake ta jayayya a kanta. Yanzu a Ostireliya ana amfani da ƙugiya mai aika saƙo da zarar ta kama shak, ma'aikata su zo su maƙala masa na'urar bin sawu, su sake shi can nesa.

Birnin Cape Town ya ɗauki wata hanya tun 2004. Ana ajiye masu gadi a kan duwatsun da ke kallon bakin tekun Muizenberg da tabarau mai hangen nesa. Da sun ga shak sai a busa jiniya, a ɗaga farar tuta, kowa ya fito. Babu kifin da ake kashewa.

Su kansu masu wasan suna da ƙa'idojinsu. Ba a shiga da asuba ko da almuru, lokacin da haske ya yi rauni. Ana gudun bakin kogi bayan ruwan sama, da wurin da tsuntsaye ke shawagi a kan garken kifi, da inda sil ke taruwa. Mutum ba ya fita shi kaɗai, domin abokin da zai ja ka zuwa gaɓa ya ɗaure raunin tamau, ko da da igiyar allo ce, shi ne sau da yawa ke ceton rai.

Fim ɗin Jaws na 1975 ya dasa wa duniya tsoron cewa shak farautar mutane yake yi. Alƙaluma sun nuna akasin haka: masana sun ƙiyasta cewa mutane na kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, don namansa da fiffikensa, ko kuma ya faɗa komar da aka kafa wa wani kifin. Shi ya sa hukumomi da dama ke karkata daga kisa zuwa sa ido da gargaɗi, su bar wa mai allo ya auna da kansa ko ruwan ranar ya cancanci shiga.