Dashen Ciki Tsakanin Dokar Benin Da Hukuncin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa, tambayoyi sun yawaita gare mu a nan Malanville, har daga maƙwabtanmu na Gaya da Kandi, game da ma'auratan da Allah Ya jarrabe su da rashin haihuwa, aka ba su shawarar zuwa Kwatano ko Abuja a yi musu dashen ciki. Tafiyar Kwatano kaɗai ta haura kilomita 700, ga kuɗi masu yawa. Ya kamata mutum ya san abin da doka ta ce da abin da Shari'a ta ce kafin ya sayar da gonar shinkafarsa ya kama hanya.

Yadda aikin yake shi ne, likita yana ba mace maganin da zai sa ƙwayayenta su nuna, ya ciro su, ya haɗa su da maniyyin namiji a ɗakin gwaji. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai a mayar da ƙwan da ya kama cikin mahaifa. Jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya ita ce Louise Brown, a Ingila, ranar 25 ga Yuli 1978. A Abuja an haifi Hannatu Kupchi a 1998 ta hannun Dakta Ibrahim Wada. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, maza da mata. Don haka mu daina ɗora wa mace laifi ita kaɗai. Miji ma ya je a gwada shi.

Ta ɓangaren doka, Kundin Dokar Yara na Jamhuriyar Benin, mai lamba 2015-08 na ranar 8 ga Disamba 2015, ya halatta taimakon likita wajen samun haihuwa. Amma kundin ya yarda a karɓi iri daga wani mutum na uku, ya kuma ce babu wata nasaba tsakanin mai bayarwar da yaron da aka haifa. A nan ne Musulmi zai yi hattara. Asibiti na iya yin aikinsa daidai da dokar ƙasa, kotu ba ta da abin cewa, alhali abin da aka yi haramun ne a addini.

Malamai sun daɗe da zama a kan wannan mas'ala. Muftin Masar, Shaikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa a 1980 cewa dashe ya halatta idan maniyyin na mijin ne, ƙwan kuma na matarsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa yarda a 1984 a dasa ƙwan mace a mahaifar kishiyarta, sai ta janye a 1985, domin kishiyar na iya ɗaukar nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a rasa gane uwar kowane ɗa. A watan Oktoba 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta duba hanyoyi 7, ta haramta 5, ta halatta 2 idan buƙata ta kama: a haɗa irin miji da na matarsa a waje a mayar cikin mahaifarta, ko a zuba maniyyin miji kai tsaye a mahaifar matarsa. Duk hanyar da ta shigo da maniyyin wani, ko ƙwan wata, ko hayar mahaifa, haramun ce.

Dalilin shi ne tsare nasaba. Suratul Ahzab ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa na gaskiya. A kan nasaba ake raba gado, da ita ake sanin waliyyi da muharrami. Idan irin mutum ɗaya ya shiga gidaje goma a ɓoye, wata rana wa zai auri ƙanwarsa ba wanda ya sani.

Saboda haka muna ba wanda zai je shawara kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Takardun da Faransanci ko Turanci ake rubuta su, ya nemi lauya ko amintaccen mai karatu ya fassara masa. A rubuta ƙarara cewa ba za a yi amfani da irin kowa ba sai nasu, kuma ba za a bai wa kowa nasu ba. Ya tambayi yadda ake sa suna a kwalaben gwaji da wanda yake shaida. A fayyace makomar ƙwayayen da suka rage a ajiyar sanyi, domin idan miji ya rasu ko aure ya mutu, dasa su bai halatta ba. A rubuta kuɗin duka. Ya kuma sani sau da yawa dashen farko ba ya kamawa, duk wanda ya yi masa alkawarin ɗa tabbas, to ya guje shi.

Su kuma masu asibitocin, muna kira gare su da su riƙe lauya mai duba yarjejeniyoyinsu, su tanadi takarda ta musamman ga Musulmi, su tuntuɓi malamai. Wannan kariya ce gare su ranar da rigimar gado ta kai gaban alƙali.

Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, Annabi Zakariyya ma ya roƙi ɗa yana tsoho. Amma Suratush Shura, aya ta 49 da 50, ta karantar da mu cewa bayar da 'ya'ya da hanawa duk na Allah ne. Wanda ya nema ta halal bai samu ba, ya yi haƙuri, ya riƙe matarsa da mutunci, ya rungumi maraya ba tare da canza masa nasaba ba.

Allah Ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba. Wallahu a'alam.