Faɗuwar Kwikwiyo: Ba Kowace Kumfa Ce Hauka Ba

Kwikwiyo yana cikin wasa a tsakar gida, sai ya tsaya cak, ya ƙura ido wuri ɗaya, ya kife. Ƙafafunsa su sandare, sannan su shiga shure-shure, baki yana taune-taune, kumfa tana dalala, wani lokacin har fitsari ko kashi ya kubce masa. Yawanci abin ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu. Amma a unguwanninmu wannan ɗan lokacin ya isa a yanke masa hukunci: wani ya ce ya haukace, mata su janye yara, samari su nemo sanda. Ban ga laifin mai jin tsoro ba, domin ciwon haukan kare yana kisa, kuma zan dawo kansa. Sai dai mafi yawan karnukan da ke faɗuwa haka wani abu ne daban ke damunsu, kuma kashe su nan take yakan binne tambayar da ya kamata mai gida ya yi wa kansa: me ya shiga jikin dabbar nan, daga ina kuma ya fito?

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ɗan ƙaramin lantarki da ƙwayoyinta ke miƙa wa juna bisa tsari. Idan wani abu ya rikita tsarin, dubban ƙwayoyi su saki nasu lantarkin a lokaci guda, kamar yadda wuta kan zo da ƙarfi ta hargitsa kayan gida gaba ɗaya, sai jiki ya ƙwace daga hannun mai shi. Jijjigar ke nan. Idan ta lafa, karen yakan tashi a ruɗe, yana tangaɗi, yana karo da bango saboda ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, wani kuma ya afka wa abinci da ruwa. Wannan ruɗewar tana iya ɗaukar mintuna ko sa'o'i, kuma ita ce ta fi sa mutane su rantse cewa hauka ce. Wata jijjigar ma ba ta kayar da kare ƙasa: leɓe ne kawai zai riƙa rawa, ko ƙafa ɗaya ta riƙa fizga.

Abin da likitan dabbobi zai fara tambaya shi ne watanni nawa karen yake da su, domin shekaru suna rage yawan abubuwan da za a zarga. Idan bai kai wata shida ba, kuma ba a yi masa allurar rigakafi ba, to cutar distempa ce a sahun gaba. Ƙwayar cutar 'yar dangi ɗaya ce da ta ƙyanda da ke kama yaranmu, da kuma ta ciwon bushiya da ya taɓa karkashe shanun Fulani kafin a ayyana kawar da shi daga duniya a 2011. Wani likitan dabbobi ɗan Faransa, Henri Carré, shi ya nuna a 1905 cewa ƙwayar bairas ce ke haddasa ta. Kwikwiyo yakan sami kariya daga nonon farko na uwarsa, amma kariyar tana raguwa a hankali, shi ya sa cutar ta fi kama masu wata uku zuwa shida. Tana farawa da zazzaɓi, kwantsa a ido, majina mai kauri, tari, amai da zawo. Sai karen ya yi kamar ya warware, mai shi ya saki jiki. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai ta ɓullo ta ƙwaƙwalwa: taune-taune ba tare da komai a baki ba, fizgar tsoka da ba ta tsayawa ko yana barci, sannan faɗuwa. Wasu tafin ƙafarsu da kan hancinsu yakan yi kauri ya bushe. Babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar. Iyakar abin da ake yi shi ne ƙarin ruwa, da magance cututtukan da suka shigo ta bayanta, da lafar da jijjigar. Da yawa ba sa tashi, waɗanda suka tashi kuma wasu sukan zauna da fizgar har ƙarshen rayuwarsu.

Ba karnuka kaɗai take ci ba. A 1994 ta shiga dajin Serengeti na Tanzaniya ta kashe zakuna kusan 1,000, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na zakunan yankin, kuma bincike ya nuna alaƙarta da karnukan ƙauyukan da ke kewaye. Abin da ke ci mini rai shi ne allurarta tana nan, tana kuma aiki sosai. Ana fara ta yana da mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako goma sha shida. Mutum zai sayi kwikwiyo da kuɗi masu kauri, mai sayarwa ya ce masa an yi masa allura, ya karɓi maganar ba tare da ya ga kati ba. Sau da yawa allura ɗaya ce aka yi, ɗayar kuma ba ta wadatarwa. Wani lokacin ma maganin ya kwana ba sanyi, ya mutu tun kafin ya shiga jiki.

Sababi na biyu yunwa ce. Hantar kwikwiyon da bai kai wata uku ba ƙarama ce, ba ta iya ajiye sukari mai yawa. Idan aka raba shi da uwarsa da wuri, aka yi doguwar tafiya da shi a cikin kwali, ko ya wuni yana zawo bai ci komai ba, sukarin jininsa yakan faɗi, ƙwaƙwalwa kuwa da sukari take rayuwa. Tsutsar ciki tana ƙara dagula lamarin. Akwai wadda ke shiga jikinsa tun yana cikin mahaifa, akwai wadda ke bi ta nono ta maƙale a hanji tana tsotsar jini. Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu da farin dadashi, wannan tsutsa ce ke cinye rabonsa. Ana fara ba da maganinta tun yana da mako biyu, a riƙa maimaitawa duk mako biyu a watannin farko. Idan ana zaton faɗuwar sukari ce, shafa ɗan zuma a dadashinsa bayan jijjigar ta lafa yana taimakawa kafin a isa asibiti. Shafawa na ce, ba ɗurawa ba.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne maganar guba, domin a nan ne lamarin ya wuce kare. Kwikwiyo da baki yake sanin duniya, kuma gidajenmu cike suke da abin da zai kayar da shi. Fiya-fiyar da ake yayyafawa saboda sauro da kyankyasai tana ɗauke da sinadarin da ke hana jijiyoyi hutawa. Karen da ya lashe ta zai yi ta zubar da miyau, ƙwayar idonsa ta tsuke, ya yi amai da zawo, jikinsa ya ɗauki rawa kafin ya faɗi. Haka maganin feshin gona da aka bar ragowarsa a galan, da wasu nau'o'in maganin ɓera da ake cakuɗawa da kifi ko ƙuli-ƙuli a ajiye bayan buhu. Akwai kuma gubar da mai kare ke ba shi da hannunsa, da kyakkyawar niyya: ya ga kaska ta yi masa yawa, sai ya wanke shi da maganin da aka haɗa don shanu, ko ya yi masa allurar ibamektin da ƙiyasin ido. Abin da aka auna wa sa mai kilo ɗari uku ba a rage wa kwikwiyo mai kilo uku da ka. Wasu jinsunan karnukan kiwo na Turai ma, irin su koli, suna da wata tawayar gado da ke barin wannan maganin ya ratsa cikin ƙwaƙwalwarsu. Masu bincike a Jami'ar Jihar Washington da ke Amurka ne suka gano ta a 2001. Abincin da ya yi hunhuna a bola, da cakulan mai yawa, su ma suna iya jawo jijjiga.

Sai dalma, wadda ke cikin tsohon batirin mota da ɓawon tsohon fenti. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu bayaninta. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da yawansu bayan sun yi ta jijjiga. Masu binciken da suka je sun ji daga bakin mutanen ƙauyukan cewa agwagi sun fara ɓacewa tun kafin yara su fara mutuwa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci a lokacin. Kwikwiyo da yaro mai rarrafe ƙasa ɗaya suke bi, abu ɗaya suke tsinta su kai baki. Duk gidan da ƙaramin kare lafiyayye ya faɗi ba zato ba tsammani, ya kamata a bi lungu-lungu a ga abin da ya lasa, tun kafin wani ya lasa bayansa.

Akwai waɗanda aka haifa da matsalar. Wani, jinin da ya kwaso abinci daga hanjinsa yakan kauce wa hanta ya wuce kai tsaye, sai datti irin su amoniya su isa ƙwaƙwalwa. Irin wannan kwikwiyon ba ya girma kamar 'yan uwansa, kuma rikicewarsa ta fi zuwa bayan ya ci abinci, musamman nama. Wani kuma ruwa ne ke taruwa masa a ka, har ƙoƙon kan ya yi tulluwa. Ban da matsalar haihuwa, ga jifa da dutse, ga bugun babur, ga ɗaure kare a rana tsaka lokacin bazara ba inuwa ba ruwa. Karyar da ta haihu tana shayarwa, ita ma takan yi rawar jiki da sandarewa idan sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa a jininta.

Idan kuwa karen ya haura wata shida, bai kai shekara shida ba, yana faɗuwa lokaci bayan lokaci, tsakanin faɗuwa da faɗuwa kuma garau yake, gwajin jini bai nuna komai ba, to nan ne ake maganar farfaɗiya ta asali. Ba ta kai kare ɗaya cikin ɗari ba a ƙididdigar da aka yi a Ingila, amma ta fi yawa a wasu jinsuna, ciki har da karen Jamus da ake kira Alsesha, wanda ya cika gidajen masu hali a Kano da Kaduna da Abuja. Tana bin jini, saboda haka bai dace a bar mai ita ya yi barbara ba, komai kyansa. Ba ta warkewa, amma ana danne ta da ƙwayar fenobabiton, galibi sau biyu a rana, har abada, tare da duba lafiyar hanta lokaci-lokaci. Babban haɗarin shi ne a ga sauƙi a yanke maganin rana ɗaya. Jijjigar da za ta biyo baya takan fi ta farko muni. Kuma ba a ɗaukar farfaɗiya. Miyan mai farfaɗiya, kare ne ko mutum, ba ya sa wa kowa farfaɗiya.

To ta yaya za a bambanta duk waɗannan da haukan kare? Mai farfaɗiya yana faɗuwa, ya tashi, ya dawo hayyacinsa ya gane mai shi. Mai ciwon hauka ba ya dawowa. Halinsa ne ke sauyawa: mai fara'a ya koma cizon duk abin da ya gani, haushinsa ya canza, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya su shanye, kullum abin gaba yake yi, kuma cikin kwana goma da bayyanar alamu yakan mutu. Duk da haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci, domin distempa da ciwon hauka sukan yi kama, kwikwiyo ma yana kamuwa da haukan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin kowane goma da ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Don haka karen da ba a yi wa allurar hauka ba, idan ya fara jijjiga, a killace shi inda ba zai kai ga kowa ba, a kira likitan dabbobi. Idan ya ciji mutum ko ya karce shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don a fara allura, karen kuma a sa masa ido kwana goma. In ya mutu ko dole ta sa aka kashe shi, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan gwajin. Allurar haukan ita kanta ana yi wa kwikwiyo ne da ya cika wata uku.

A lokacin da yake cikin jijjigar, taimakon da za a yi masa kaɗan ne, ɓarnar da za a iya yi kuwa tana da yawa. Kada a sa hannu ko cokali a bakinsa. Kare ba ya haɗiye harshensa, kuma zai yi cizo ba da saninsa ba. Kada a ɗura masa manja ko madara, kamar yadda aka saba yi wa wanda ake zaton ya sha guba, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake zarce masa. A janye abin da zai buge, a nisanta shi da murhu da bakin rijiya, a rage hayaniya, a duba agogo. Mai waya ya ɗauki bidiyo, don likita ba kasafai yake ganin faɗuwar da idonsa ba. Idan ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta dawo sau biyu a wuni ɗaya, jikin yana ɗaukar zafin da zai iya lalata ƙwaƙwalwa: a jiƙa shi da ruwan randa, a ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi na jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Sakkwato da Maiduguri. A tafi da katin allurarsa in akwai, da kwalba ko ledar duk wani magani da ake zargi, domin gubar fiya-fiya da danginta tana da makari, allurar atirofin, kuma sanin sunan abin da ya sha shi ke sa likita ya yi ta a kan lokaci.