Harshe da Gwajin Fahimi: Darasi Daga Tsofaffin Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba abin da gwaje-gwajen fahimi ke aunawa ga tsofaffin Amurka masu jin Ingilishi da masu jin Sifaniyanci. Likitoci na amfani da su domin gano gigin tsufa. Saboda haka, idan gwaji ya yi kuskure, ana iya jingina wa mai lafiya ciwon da ba shi da shi.

2.0 Gwaje-gwajen

Mafi shahara shi ne MMSE, wanda Folstein da abokan aikinsa suka wallafa a 1975. Makinsa 30 ne, kuma yana auna sanin lokaci da wuri, da tuna kalmomi, da lissafi, da harshe. Akwai kuma MoCA na Ziad Nasreddine, wanda aka wallafa a 2005. Shi ma makinsa 30 ne, amma ana ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Wannan ya nuna zaman makaranta yana tasiri a kan sakamako.

3.0 Matsalar Fassara

Manazarta sun lura cewa fassara tana canza nauyin tambaya. A gwajin tuna lambobi, ana karanto jerin lambobi, tsoho ya maimaita. Daga 1 zuwa 9, lamba ɗaya ce kawai mai gaɓa biyu a Ingilishi, wato 7. A Sifaniyanci kuwa guda shida ne. Tun da doguwar kalma tana cin lokaci wajen furtawa, mai Sifaniyanci yakan riƙe lambobi kaɗan, ko da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Haka kuma a gwajin kawo kalmomi masu farawa da harafi guda, haruffan F da A da S na Ingilishi akan musanya su da P da M da R, domin yawan kalmomin kowane harafi ya bambanta tsakanin harsuna.

Wannan ne ya sa Dan Mungas da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ƙirƙiro SENAS. Sun gina shi a harsunan biyu lokaci guda, suka tace tambayoyin da ke fifita wani rukuni a kan wani alhali fahiminsu ɗaya ne.

4.0 Kammalawa

Bisa ga bayanan da suka gabata, makin tsoho ya ƙunshi lafiyar ƙwaƙwalwarsa, da harshensa, da karatunsa. Lambobin Hausa daga ɗaya zuwa tara duk masu gaɓa biyu ne. Don haka ya wajaba masu tsara manhaja su gwada kowace jarrabawar da aka fassaro a kan ɗalibai Hausawa, su fitar mata da ma'auninta, kafin a yanke wa yaro hukuncin rauni.