Digirin digirgir na jinya ta intanet: abin da 'yan Adjamé za su duba kafin su biya

A Adjamé, uwar kasuwannin Abijan, akwai wani sashe da ake kira Roxy, wanda ya gaji sunansa daga wani tsohon gidan silima. Yau magani ake sayarwa a wurin. Mata ne birjik, kowace da daro ko faranti a gabanta, ƙwayoyi kala-kala, wasu cikin kwalinsu, wasu an ɓare an ƙulla a leda, rana na dukansu tun hantsi har la'asar. Mai saye ba ya zuwa da takardar likita, ciwonsa kawai yake faɗa: "Hajiya, kaina ke sarawa, ga jiri in na miƙe." Ita kuma ta tsamo ja biyu da fari ɗaya, ta ce a sha bayan an ci abinci. A watan Mayun 2017 hukumomin Kwaddibuwa sun kai samame wurin, suka kwashe kimanin tan 40 na jabun magunguna. Ba a jima ba kasuwa ta sake ci.

Mai saurin yanke hukunci zai ce jahilci ne. Ni ban yarda ba. Bahaushen da ya zo daga Tawa ko Madawa yana dillancin albasa, da wanda ke tsaye kan suyar kifi yana sayar da abincin garba, duk sun san asibiti ya fi Roxy. Lissafi suke yi. Zuwa babban asibitin Adjamé na nufin a rufe rumfa a bi layi. In kuma aka tura mutum asibitin koyarwa na Treichville, sai ya shiga bas ko tasin woro-woro, ya ratsa Plateau, ya tsallake gada, cinikin ranar ya tafi ke nan. Alhali wannan ciwon kai da jirin, wani lokaci hawan jini ne yake sallama. Mai shi ba farfesa yake bukata ba. Yana bukatar wanda zai ɗaura masa abin awo a dantse, ya tambaye shi ko shanyewar ɓarin jiki ce ta kashe mahaifinsa, ya ɗora shi kan magani, ya ce ya dawo bayan wata guda, in ya dawo kuma ya gane shi, har ya tambaye shi jikin maiɗakinsa mai juna biyu.

Irin wannan ma'aikaci Amurka ta ƙirƙiro masa matsayi na musamman. A 1965, a Jami'ar Colorado, wata malamar jinya mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara horar da nas-nas su riƙa duba yara da kansu, saboda ƙauyukan jihar ba su da isassun likitoci. Likitoci da yawa sun yi adawa, har cikin shugabannin jinya an sami masu cewa an ɓata sana'a. Amma abin ya kafu, ya faɗaɗa daga yara zuwa iyali gaba ɗaya: jariri, mai ciki, magidanci mai ciwon suga, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Nas mai duba iyali tana sauraron ƙorafi, ta duba jiki, ta tura gwaji, ta faɗi cuta, ta rubuta magani, abin da ya fi ƙarfinta ta miƙa wa likita. Yau irin waɗannan nas-nas sun haura 350,000 a Amurka, kuma a fiye da rabin jihohin ƙasar suna aiki ba tare da wani likita ya sa musu hannu ba. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da Mary Mundinger ta Jami'ar Columbia ta jagoranta a birnin New York, inda aka raba marasa lafiya 1,316, wasu wurin likitoci wasu wurin nas-nas, aka tarar lafiyar ɓangarorin biyu ta zo kusan ɗaya.

Karatun wannan sana'a daga nesa ma yana da asali mai kyau, kuma ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1925 Mary Breckinridge ta kafa wata ƙungiyar jinya a duwatsun jihar Kentucky, inda ungozomomi ke hawan doki suna bin gidajen talakawa. Makarantar da ta fito daga wannan ƙungiya, wadda yanzu ake kira Frontier Nursing University, ita ta fara kwas ɗin nas mai duba iyali a 1970, sannan a 1989 ta fara koyar da ungozomomi daga nesa. Dalilinsu mai ma'ana ne. In ka ɗauke nas daga ƙauyenta ka kai ta birni shekara uku, da wuya ta koma. Gara karatun ya same ta inda take.

Digirin digirgir ya shigo daga baya. A 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta ba da shawarar a ɗaga wannan karatu daga digiri na biyu zuwa na uku, wanda suke taƙaitawa da DNP. Sun sa 2015 a matsayin wa'adi, wa'adin ya wuce, har gobe da yawa da digiri na biyu suke aiki. Wannan digiri ya bambanta da na masu bincike. Maimakon kundin nazari, ɗaliba kan ɗauki wata matsala a asibitin da take aiki, misali masu hawan jini da ke daina shan magani, ta gwada gyara ta da hujjojin da kimiyya ta tabbatar, ta auna sakamako. Mai digirin farko kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu.

To, wannan shi ne karatun da tallarsa ke faɗowa wayoyin 'ya'yanmu ta Facebook: zama dakta daga ɗakinki, ba tare da kin bar aiki ba. Kuma akwai masu sauraro. A Treichville, cikin harabar asibitin koyarwa, hedikwatar INFAS take, makarantar gwamnati da aka kafa a 1991 don horar da nas-nas da ungozomomi da sauran ma'aikatan lafiya, tana da rassa a garuruwa irin su Bouaké da Korhogo. Da jarrabawa mai zafi ake shiga bayan kammala sakandare, a yi shekara uku. Yarinyar da aka haifa a Adjamé, ta tashi da Hausa a gida, Jula a kasuwa, Faransanci a makaranta, in ta ci wannan jarrabawa ta fito, dole ta yi burin gaba. Mahaifinta kuma, wanda bai taɓa zama a aji ba amma ya san darajar ilimi, in ta ce masa, "Baba, akwai karatun dakta da ake yi ta waya," zai iya sayar da fili a gida ya biya. Domin irin wannan uba nake wannan rubutu.

Abin da talla ba ta faɗa shi ne, rabin karatun ne kawai ke kan intanet. Darasin yadda cuta ke aiki a jiki, da ilimin magunguna, da ƙididdiga, waɗannan ana yinsu a kwamfuta, da dare bayan an tashi aiki. Amma ƙa'idar digirin ita ce aƙalla awa 1,000 na aiki a aikace bayan digirin farko, kuma ma'aunin da aka sabunta a 2022 ya ce awa 750 su kasance gaba da gaba da majiyyaci, ƙarƙashin idon gogaggen likita ko nas da makarantar ta amince da shi. Nan ne ake koyon sana'ar. A sa yatsu a cikin yaro a ji ko saifa ta kumbura. A cire wa mai ciwon suga takalmi a duba tsakanin yatsunsa, domin gyambon da zai kai ga yanke ƙafa daga can yake farawa, shi kuwa ba ya jin zafi. A kasa kunne a ƙirjin jariri a bambance mura da limoniya. Babu bidiyon da ke koyar da wannan. Ko makarantar Frontier, da ta yi suna a karatun nesa, sai ɗalibanta sun je harabarta an gwada hannunsu kafin a sake su asibiti. A cikin Amurkar ma samun mai sa ido ya zama babbar wahala, wasu makarantu kan bar ɗaliba ta nemo da kanta, har an sami kamfanonin da ke karɓar kuɗi su haɗa ta da wani.

Sai batun lasisi. Mafi yawan waɗannan makarantu ba sa ɗaukar kowa sai mai lasisin aikin jinya na wata jiha a Amurka, kuma a can za a yi awannin asibiti. Lasisin kuwa sai an tantance takardun mutum, ya nuna ya iya Turanci, ya ci jarrabawar NCLEX. Bayan digiri akwai wata jarrabawar ta ƙwarewa kafin jiha ta ba da izinin duba marasa lafiya. Wato wannan hanya an shimfiɗa ta ne domin wadda ta riga ta isa Houston ko Bronx tana aiki. Ga 'yar'uwarmu da ke can, wadda ke kwana a asibiti tana kuma renon yara, karatun intanet alheri ne babba, ina kuma ba ta ƙwarin gwiwa. Ga wadda ke Treichville kuwa, duk makarantar da ta ce mata ba sai da lasisi ba, ba sai da awannin asibiti ba, ta faɗa mata ko ita wace ce.

Kuɗin ma ba na wasa ba ne. Ana maganar dubban daloli masu yawa, kuma kowace dala 10,000 ta haura sefa miliyan 5, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 75,000 a wata tun daga 2023.

Masu damfara sun san wannan ƙishirwa. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka fallasa wasu makarantun jinya a jihar Florida da suka sayar da takardun bogi fiye da 7,600, kowace a kan dala dubu goma da wani abu, da yawa cikin masu sayen kuma baƙi ne 'yan ci-rani. An bi su jiha-jiha ana soke lasisi. Mu ma nan kusa ba mu manta da digirin Kwatano ba: a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri cikin mako shida, Najeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, masu gaskiya da yawa suka sha wahala tare da masu laifi. A fannin jinya abin ya fi muni, domin wanda zai biya bashin takardar bogi yana kwance a gado.

Mu ɗauka ma digirin na gaskiya ne, an sha wuya an samu. Izinin duba majiyyaci daga dokar ƙasar da kake yake fitowa, jami'a ba ta bayar da shi. A ƙasashen rainon Faransa akwai hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke duba darajar takardun manyan makarantu, sannan akwai ma'aikatar lafiya da ta aikin gwamnati, masu tafiya da matsayin da ke rubuce a littafinsu. Sunan dakta kansa yana jawo rigima: a 2022 an ci wata nas mai wannan digiri tarar kusan dala 20,000 a California saboda tana kiran kanta dakta a gaban jama'a. Balle a wurinmu, inda duk mai farar riga likita ne a bakin mutane.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, aikin da Amurka ta yi wa digiri, nas-nas ɗinmu sun daɗe suna yinsa. A ƙananan asibitocin karkara na Kwaddibuwa da Nijar, nas shi ne mai dubawa, shi ne mai rubuta magani, shi ake tayarwa tsakar dare. Najeriya ta amince da haka a rubuce cikin manufar raba ayyukan lafiya ta 2014. Sai dai ana ɗora musu nauyin ba tare da ƙarin horo mai zurfi ba, ba ƙarin matsayi, ba kariyar doka in abu ya ɓaci. Shi ya sa mai ƙoƙari ke duban waje. Magatakardar hukumar jinya ta Najeriya ya ce a farkon 2024 nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma Kwaddibuwa da Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya ƙwarai.

Ba sai an kwaikwayi Amurka ƙafa da ƙafa ba. Botswana tana horar da nas mai duba iyali tun 1981. Faransa, wadda tsarin Kwaddibuwa ya samo asali daga nata, ta kafa irin wannan matsayi da dokokin 2018: shekara uku ana aiki, sannan shekara biyu na digiri na biyu, aka kuma fayyace abin da nas zai iya yi wa masu cututtuka masu daɗewa irin su suga da hawan jini. Kwaddibuwa tana da kayan haɗin a hannu. Ga INFAS mai horar da ƙwararrun nas-nas a fannoni kamar sa barci lokacin tiyata, ga Cibiyar Lafiyar Jama'a ta Ƙasa a Adjamé kanta, ga jami'ar gwamnati ta intanet, UVCI, da aka kafa a 2015, ga asibitin Treichville cike da malamai da marasa lafiya. Inshorar lafiya ta CMU da ta fara aiki a 2019, wadda ake biyan sefa 1,000 a wata ta ɗauki kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya, ba za ta raba ɗan kasuwa da Roxy ba sai in akwai wanda zai duba shi a unguwarsu ya rubuta masa takarda kafin azahar.

Kafin a kai can, nas ɗin da ke son ƙaro ilimi ba tare da barin aiki ba tana da hanyoyi masu sauƙin kuɗi. Mai lasisin Najeriya na iya yin digirin farko na jinya daga nesa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. Mai takardar INFAS ta fara zuwa ofishin makarantarta da ma'aikatar lafiya ta tambaya wane ƙarin karatu ake lissafawa wajen ƙarin girma. Duk makarantar waje da ta nemi kuɗi kuma, a ce ta rubuto sunan hukumar da ta tantance ta, da asibitin da za a yi aikin hannu, da wanda zai sa ido, da ƙasar da za ta ba da lasisi a ƙarshe. In a Amurka take, hukumomin da ke tantance karatun jinya irin su CCNE da ACEN suna da jerin makarantun da suka amince da su a shafukansu, kyauta ake dubawa, ko da wayar da aka saya a kasuwar Black Market ta Adjamé ce.