Masu sake wa tayoyin tankar yaƙi roba

Duk wanda ya ga tankar yaƙi tana wucewa, bindigarta yake fara kallo, sannan sarƙar da take tafiya a kai. Da wuya idonsa ya tsaya kan tayoyin da ke jere cikin sarƙar, alhali su ke ɗauke da nauyin duka. Tankar Abrams ta Amurka ta haura tan 60, kuma nauyin nan yana zaune ne kan tayoyi bakwai a kowane gefe, kowace tagwaye, 28 ke nan. T-72 ƙirar Rasha, irin wadda sojojin Najeriya ke da ita, shida-shida gare ta. Ba a hura musu iska. Wili ne na ƙarfe ko alminiyam da aka naɗe bakinsa da daskararriyar roba mai kauri.

Robar ce ke fara mutuwa. Duk juyin da taya ta yi, nauyi ya matse ta, ya sake ta, kuma matsar nan zafi take haifarwa a can ciki, inda iska ba ta kaiwa. In aka yi doguwar tafiya da gudu cikin rana, sai ta dafu daga ciki ta kumbura, ko ta rabu da wilin. Tsakuwa kuma tana shiga tsakanin taya da sarƙa tana gutsurarta. Haƙoran tsakiyar sarƙa, masu bi ta tsakanin tagwayen, su ma suna goge gefen wilin duk lokacin da direba ya karya kwana.

To me zai hana a bar ƙarfen tsirara? An taɓa yi. A 1942 roba ta yi wa Tarayyar Sobiyet ƙaranci, aka riƙa fitar da tankar T-34 da tayoyin ƙarfe zalla. Ƙara ta yi yawa, jijjiga ta riƙa kwance sassan tankar, har aka koma sa masu roba a gaba da baya, na ƙarfen a tsakiya.

Wilin kuwa yana da tsada, kuma yakan fi robarsa tsawon rai nesa ba kusa ba. Nan sana'ar ta samo asali. A Amurka, cibiyarta ita ce ma'aikatar sojan ƙasa ta Red River, kusa da garin Texarkana a jihar Texas, wadda aka kafa a 1941. Can ake tara matattun tayoyi da sarƙoƙi daga rundunoni, a sabunta su a mayar.

Aikin farko tuɓe tsohuwar robar. In wilin na ƙarfe ne, ana iya sa shi cikin zafi mai tsanani har robar ta ƙone. Alminiyam ba ya jure haka, zafi yana kashe masa ƙarfi, don haka hanyar da ta fi masa ita ce a ɗora shi kan inji yana juyawa wuƙa tana fere robar. Daga nan a feshe shi da ɓarɓashi mai kaifi har tsatsa da ragowar gam su fita, fuskarsa ta yi kaushi.

Sai dubawa, kuma a nan ne ake gane gwani. Tsagar da za ta karya wili a fagen fama sau da yawa ido ba ya ganinta. Akan shafa wani ruwa mai launi wanda ke kutsawa cikin tsaga, a goge, a yayyafa farar hoda, sai launin ya fito ya tona asirin wurin. Ana auna ramukan kusoshi ko sun buɗe, a duba ko wilin ya karkace. Na alminiyam galibi yana da zoben ƙarfe a gefen da haƙoran sarƙa ke goga, in ya cinye a canza shi. Wanda ya tsage a mugun wuri kuwa, yarwa ake yi. Ina ganin girman ma'aikacin da zai yar da wili bayan ya sha wahalar tuɓe shi, don ya san akwai mutane uku ko huɗu da za su zauna a kansa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a sana'ar nan shi ne tsabta. Mutum zai zaci aikin tanka aikin baƙin mai ne da guduma. Amma daga lokacin da aka gama feshe wili, ba a taɓa fuskarsa da hannu sai da safa, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana gam kamawa a wurin. Ba a kuma barinsa ya daɗe a ajiye, don tsatsa ba ta jira. Gam ɗin yawanci shafi biyu ne, na farko ya kama ƙarfe, na biyu ya kama roba, kowanne da kaurin da aka ƙayyade masa. Mai facin bakin titi ya san wannan: in bai kankare tub ya tsabtace ba, facin ba zai kai gida ba.

Bayan gam ya bushe, sai a naɗa ɗanyar roba, ko a tura ta da inji cikin mazubin da wilin ke ciki. A rufe, a matse, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 150. Farar wutar da aka cuɗa cikin robar ita ke ɗaure ta ta yi ƙarfi, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. In an gaggauta, cikin ya fito ɗanye. In an wuce lokaci, ta bushe ta riƙa tsagewa.

Ba a sallamar kaya sai an gwada. Ana auna taurin robar, sannan a zaɓi wasu daga cikin tayoyin da aka gama a sadaukar da su: a yanka robar, inji ya ja ta da ƙarfi. Abin da ake so a gani shi ne robar ta yage a jikinta, ta bar saura manne da wilin. In ta ɓare salin-alin ƙarfe ya fito fes, gam bai kama ba, kuma duk tayoyin da aka gasa tare da ita sai an sake bincikarsu.