Fumfunar da Ake Yin Magani da Cuku da Ita: Mene ne Hukuncinta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗalibai sun yi tambaya: wai da gaske ne daga fumfuna ake samo maganin penisilin, kuma ya halatta musulmi ya sha?

Da gaske ne. Fumfunar nan da ke fitowa kore-kore a jikin burodi ko lemo halitta ce mai rai, iri-iri ce. Akwai wani jinsi nata da masana ke kira Penisiliyom. A shekarar 1928, a wani asibitin London, likita Alexander Fleming ya lura cewa duk inda ta tsiro, ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita mutuwa suke yi. Daga baya Howard Florey da Ernst Chain a Oxford suka tace sinadarin ya zama magani, su ukun suka samu kyautar Nobel a 1945. Amoksisilin da ake ba yaranmu ɗan gidan nan ne.

A Faransa kuma da ita ake nunar da cuku irin su Rokfor da Kamambar. Cukunmu na Nijar ba ya bukatar ta, shanya shi ake yi ya bushe.

To, hukunci fa? Fumfuna ba mushe ba ce, ba jini ba ce, ba ta sa maye. Asalin abubuwa halacci ne sai in cutarwa ta tabbata, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Abu Dawud ya ruwaito cewa an kawo masa cuku a Tabuka, ya yi bismillah ya yanka. Inda malamai suka yi saɓani shi ne abin da ake daskarar da madara da shi, in daga tumbin dabbar da ba a yanka ba aka ciro shi: Malikiyya suna ganin najasa ne, Imam Abu Hanifa yana ganin mai tsarki ne.

Amma ƴan uwa, a kula. Ba kowace fumfuna ce magani ba. Wadda ke kama gyaɗa da masara tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe gubar. A zubar, wannan ba almubazzaranci ba ne. Kada kuma a sayi ƙwaya biyu wajen mai tebur a sha a bari: haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani har ya daina aiki. A sha yadda likita ya ce. Wanda jikinsa ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan sa, ya gaya wa likita tun farko.

Allah ne mafi sani.